Na'urar da ke cika ruwa da kanta: amfaninta da iyakarta ga ƙaramin akwatin murjani a Damagaram

Masu kiwon halittun teku a cikin akwatin gilashi ba su da yawa a Zinder, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da tsakaninmu da bakin teku mafi kusa akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000. Amma ƴan kaɗan ɗin da ke yi sun san cewa kifi ba shi ne ke fara mutuwa ba. Jatan lande da dodon koɗi da murjani, wato halittun da ba su da ƙashin baya, su ne ke riga kowa tafiya, kuma sau da yawa abin da ke kashe su shi ne hawa da saukar gishirin ruwa. Saboda haka na sayi wannan ƙaramar na'ura mai cika ruwa da kanta, ƙirar Sin, marar wani sanannen suna a jikin kwalinta, wadda wani ɗan kasuwa ya taho mini da ita daga Kano. Na yi aiki da ita a hunturu da bazara da damina a kan akwati mai cin lita 60.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo, abin da ma'aunin gishiri na masu kiwo, mai kwatanta nauyin ruwan da na ruwa zalla, ke nunawa tsakanin 1.025 da 1.026. Kifin teku yana shan ruwan ya fitar da rarar gishiri ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kansa, don haka yana iya jure ɗan canji. Mafi yawan marasa ƙashin baya ba su da wannan dabarar, gishirin jikinsu yana bin na ruwan da suke ciki ne, idan ya hau nasu ya hau, idan ya faɗi kwatsam ƙwayoyin jikinsu su kumbura. To, idan ruwa ya bi iska, gishiri ba ya binsa. Akwatin lita 60, bayan an zuba duwatsu da yashi, bai fi ya ɗauki lita 50 na ruwa ba. Idan lita 2 suka ƙafe, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 36.5, idan kuwa lita 5 ne ya doshi 39. A busasshiyar iskar hunturun Damagaram, musamman idan akwai fanka da ke busa saman ruwan, ƙafewar lita 2 ba ta ɗaukar dogon lokaci. Mai cikawa da hannu yakan dawo daga aiki da yamma ya juye ruwa gaba ɗaya, sai halittun su sha hawan gishiri da rana, su sha faɗuwarsa a cikin minti ɗaya da dare, kullum haka.

Abin da ke cikin kwalin bai taka kara ya karya ba: wani ɗan ido mai aiki da haske wanda ake manna wa gilashi da maganaɗisu, ƙaramin injin tura ruwa, siririn tiyo, da ƴar kwamfutar da ke haɗa su. Idan ruwa ya sauka ƙasa da idon, injin ya tura ruwa marar gishiri daga jarka har ya koma inda yake. Haɗa ta bai wuce aikin rabin sa'a ba, ko da yake takardar bayaninta da Turanci da Sinanci kawai aka rubuta, babu Faransanci, kuma tiyon gajere ne har sai da na ƙara wani. Wurin da ya dace da idon shi ne ɗakin ƙarshe na matatar ruwa da ke bayan akwatin, inda injin mayar da tataccen ruwa cikin akwatin yake, domin a nan ne raguwar ruwa ke fara bayyana, kuma babu igiyar ruwa da za ta riƙa ruɗa shi.

A kan ainihin aikinta ba ni da ƙorafi. Takan kunna na ƴan daƙiƙu sau da yawa a yini, ta zuba abin da bai kai rabin kofin shayi ba, ta yi shiru, kuma ma'aunin gishirina ya daina yawo, ya tsaya a 1.025 mako bayan mako. A jikin halittun ma an gani. Jatan landen nan mai jan baya da farin layi, Lysmata amboinensis, wanda ke tsince wa kifi ƙwari, ya riƙa saɓa ba tare da matsala ba, da safe sai a tarar da tsohuwar fatarsa a rataye jikin dutse, cikakkiya har da gashin baki, kamar wani ne ya mutu, shi kuwa yana ɓoye a rami yana jiran sabuwar ta yi ƙarfi. Lokacin saɓa shi ne lokacin da ya fi rauni, kuma a nan ne rashin daidaiton ruwa ke yawan kayar da shi. Murjani masu laushi, irin su Zoanthus, suna buɗewa da zarar an kunna fitila maimakon su wuni a dunƙule. Wani abin yabo shi ne injin yana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 12, saboda haka mai batirin sola zai iya haɗa ta da shi, ta ci gaba da aiki ko an ɗauke wuta.

Sai dai tana da halayen da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya biya kuɗi. Na farko, idon yana makancewa. Feshin ruwa yana bushewa ya bar farin ɓawon gishiri a kansa, ƙurar hunturu ta kwanta a saman ruwa ta yi yana, wani lokaci kuma dodon koɗi ya hau ya zauna daidai kan idon, sai na'urar ta ɗauka ruwa ya cika alhali ya ragu, ko ta ɗauka akasin haka. Gogewa da tsumma mai laushi sau ɗaya a mako tana magance mafi yawan wannan. Tana da kariya guda, wato idan injin ya daɗe yana turawa sai ta tsaya ta yi ƙara, ƙarar kuwa mai tsinin da za ta tashi mutanen gida da tsakar dare. Na'urori masu tsada, kamar Osmolator na kamfanin Tunze na Jamus, suna da makunni na biyu mai yawo a saman ruwa wanda ke yanke injin idan idon ya gaza. Wannan ba ta da shi, kuma a ƙaramin akwati rashin ba ƙarami ba ne. Maganin da na ga ya fi sauƙi shi ne kada jarkar ta wuce lita 5, ta yadda ko duka ta juye ba za ta kai ga hallaka komai ba. Haka kuma dole jarkar ta zauna ƙasa da bakin tiyon, in ba haka ba ruwa zai ci gaba da zuba da kansa bayan injin ya tsaya.

Babban abin lura shi ne na'urar ba ta san gishiri ba, tsayin ruwa kawai take gani. Idan akwatin yana yoyo, ko an ɗebi ruwa don canji an manta ba a kashe ta ba, za ta maye gurbin ruwan gishiri da marar gishiri cikin natsuwa har ruwan ya salamce. Don haka ba ta ɗauke wa kowa auna gishiri da rifraktomita, wato ƙaramin ma'aunin gishirin ruwa, duk mako ba.

Ruwan da ake ba ta ma magana ce mai zaman kanta a garinmu. Ruwan famfo da na rijiya da na ƴan garuwa duk suna ɗauke da ma'adinai, kuma tun da abin da ya shiga akwatin ba ya bin iska ya fita, kullum taruwa yake yi. Mafi haɗari shi ne jan ƙarfe, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe jatan lande da dodon koɗi, kuma yana iya fitowa daga kan famfo na tagulla, kamar yadda yake cikin wasu magungunan kifi. Ruwan da ya dace shi ne wanda aka tace ta matatar osmosis, wadda ke cire ma'adinai daga ruwa, a gwada shi da ma'aunin TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, a ga yana kusa da sifili. Ruwan leda ba abin dogara ba ne sai an gwada, ruwan batir na wajen masu gyaran mota kuwa a yi hattara da shi, domin akwai wanda aka gauraya da asid.

Zafi kuma ya fi ƙarfin na'urar. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, idan ya daɗe a sama da 30 sai ya kori ƙananan tsirran da ke zaune cikin namansa suna ciyar da shi, ya yi fari fat. A watannin Afrilu da Mayu zafin Zinder yakan haura digiri 40. Fanka a saman ruwa tana rage digiri 2 zuwa 3 ta hanyar da randa ke sanyaya ruwa, kuma a nan ne na'urar ta fi amfani, domin ita ke biyan ruwan da fankar ke kwashewa. Amma wannan ragin bai isa a tsakiyar bazara ba sai da na'urar sanyaya ɗaki ko ta sanyaya ruwan, da damina kuma, da iska ta yi laima, ƙarfin fankar raguwa yake. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, saboda haka ɗan injin kumfa mai batir, wanda ke hura iska cikin ruwa, ya fi na'urar muhimmanci a ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba.

Ga mai akwatin da bai kai lita 100 ba, wanda ya riga ya tanadi ruwa mai tsabta da hanyar sanyaya, ina ganin ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin ƙaramar jarka da goge ido duk mako. Wanda ke yawan tafiya Yamai ko Maraɗi ya bar akwatin babu mai dubawa, gara ya ƙara kuɗi ya nemi mai makunni biyu.