Maki 65 a SF-36: Ɗanyen Maki da Makin da Aka Auna da na Jama'a

Wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta yi tambaya mai muhimmanci. Ta ba wani mai fama da ciwon baya takardar tambayoyin SF-36, wadda ake auna yanayin lafiyar mutum da ita, ya sami 65 a ɓangaren aikin jiki, ya kuma sami 65 a ɓangaren kuzari, shi ne take son sanin ko za ta rubuta cewa matsalarsa ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Malama, amsar ita ce a'a, kuma dalilin yana cikin bambancin hanyoyi biyu da ake karanta makin wannan takarda.

SF-36, wadda John Ware da Cathy Sherbourne suka gabatar a 1992, tana da tambayoyi 36, an raba 35 daga ciki gida takwas, cikinsu har da aikin jiki, ciwo, kuzari da lafiyar tunani. A hanya ta farko kowane gida yana da maki daga 0 zuwa 100, kuma gwargwadon yawan makin gwargwadon kyawun lafiya. Lissafinta ba shi da wahala, kuma ta isa idan abin da ake so shi ne bin sawun mutum ɗaya, a ga ko 65 ɗinsa ta koma 75 bayan wata uku ana yi masa gashi. Inda take yaudara shi ne gidajen takwas ba su da matsakaici ɗaya. A binciken da aka yi wa jama'ar Amurka a 1990, matsakaicin aikin jiki ya kai kusan 84, na kuzari kuwa kusan 61 ne kawai, domin ko mai ƙoshin lafiya ba kullum yake cewa yana cike da kuzari ba.

Hanya ta biyu tana sake lissafin kowane gida ta yadda matsakaicin jama'a zai zama 50, kowane maki 10 kuma ya zama tazara ɗaya ta yadda makin mutane ke bazuwa sama da ƙasa da matsakaicin. Idan aka bi da majiyyacinki ta wannan hanya, aikin jikinsa zai sauko wajen 42, kuzarinsa kuma ya tsaya wajen 52. Ga mutum ɗaya, ana ɗaukar 45 zuwa 55 a matsayin daidai da na jama'a, saboda haka kuzarinsa lafiya lau, matsalar tana wajen hawan matakala, sunkuyawa da ɗaukar kaya, kuma can ya kamata ki mai da hankali. Wannan daidai yake da katin awon jarirai, inda kilo 8 ba ya gaya wa ma'aikaciyar jinya komai sai ta duba watannin yaron.

A ganina hanya ta biyu ta fi amfani wajen gane inda ciwo ya fi taɓa rayuwar mutum, amma tana da sharaɗin da bai kamata a yi wasa da shi ba, wato a san su wane ne jama'ar da aka auna da su. Makin aikin jiki yana raguwa da shekaru, don haka 65 a wurin dattijo ɗan shekara 70 tana kusa da na tsararrakinsa, a wurin saurayi ɗan shekara 25 kuwa alama ce ta matsala babba. Shi ya sa ake ware ma'aunin jama'a bisa shekaru da jinsi. Sannan 50 ɗin da manhajar lissafi ke amfani da ita galibi ta Amurkawa ce, alhali manomin da ke yini a sunkuye da fartanya zai fahimci tambayar da aka yi kan aiki mai wahala daban da ma'aikacin ofis.

A rahotonki ki kawo makin iri biyu gefe da gefe, ki ambaci ƙasa da shekarar ma'aunin jama'ar da kika yi amfani da shi, da rukunin shekarun majiyyacin. Idan an fassara masa tambayoyin da baki ne zuwa Hausa, shi ma ki rubuta, domin hakan yana iya sauya amsoshinsa.