Na sauya katin hoto, fawa saflai ta kusa ja min asara

Shekara shida katin hoton kwamfutata, GTX 1060, yana min bauta, sai da sababbin wasanni suka koma tafiyar hawainiya sannan na haƙura na sayi RX 6700 XT. Abu ɗaya kawai na bincika kafin in biya: ko zai zauna a madabod ɗina, wato babban faifan da ake jona duk kayan kwamfuta, tunda shi nau'in ramin PCIe 4.0 aka yi wa, ramin nawa kuma 3.0. Ya zauna daram, ya yi aiki. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Tsohon katin wat 120 yake ci, waya ɗaya mai fin 6 ta ishe shi. Wannan kuwa wat 230 ne, waya biyu yake nema, mai fin 8 da mai fin 6, kuma AMD da ta ƙera shi da kanta ta ce a haɗa shi da fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa kwamfuta wuta, mai wat 650. Tawa 450 ce, irin marar sunan nan da ke zuwa tare da akwati, wayar kati ɗaya tal gare ta. Maimakon in dakata, zumuɗi ya sa na jona adafta a wayoyin da ke ba tsohon hadis (hard disk, faifan ajiyar bayanai) wuta. Kwamfuta ta tashi, fankoki suka juya, har na fara yi wa kaina kirari.

Ban yi minti ashirin ina wasa ba allo ya ɗauke ɗif. Na sake kunnawa, haka. A karo na uku hancina ya jiyo ƙauri. Da na buɗe murfin, farar robar adaftar ta yi laushi, gefe ɗaya ya koma ruwan ƙasa, na taɓa na janye yatsa ba shiri. Wallahi daren nan barci sai ɓarawo, na riga na sallama katin ya ƙone.

Allah ya taƙaita, bai ƙone ba. Na sa fawa saflai mai wat 750, kowane baki da wayarsa, na goge tsofaffin direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa katin, da manhajar DDU. Nan na ga abin da na saya: ƙwaƙwalwar 12GB ɗin nan ta katin ba wasa ba, wasa a tsabtar hoto ta 1440p sumul, ko gezau.

Sai dai murnar ba ta cika ba. Tsayin katin ya sa dole na kwance ma'ajiyar hadis ɗin gaba, yanzu hadis ɗaya a kwance yake a ƙasan akwati kamar maraya. Ga furosesa ɗina, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, i5-7400 mai ƙwaya 4, a wasanni masu cunkoso yana maƙale a 100% yana haki, katin kuma yana zaman jiran sa. Kuma madabod ɗin nan iyakarsa i7-7700K, in sabon furosesa nake so, shi ma sai ya fita.