Sauya tambari a gidajen buga fosta na Kano: wane aiki ne ya ci kuɗinsa?

Da zarar wani babban ɗan siyasa ya bar jam'iyyarsa a Kano, kafin gidajen rediyo su gama karanta sanarwar, an riga an cika shagunan buga fosta na Zoo Road da Sabon Gari. Masu neman takara, shugabannin ƙungiyoyin matasa, yaran ofishin kamfe, kowa da waya a hannu, buƙatar kuma guda ce: a cire wancan tambari, a sa wannan, yau ake so. Aikin gaggawa ne da yawancin shaguna ke karɓa hannu bibbiyu, amma mafi yawan kuɗin da ake zubawa a kansa asara ce, kuma shagon da ya fi kyau shi ne wanda zai tsayar da kai ya yi maka tambayoyi kafin ya kunna inji.

Kano ta saba da wannan harka. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Malam Ibrahim Shekarau ya tafi PDP a 2014, ya dawo APC a 2018, sannan a 2022 kaɗai ya shiga NNPP a watan Mayu ya fice zuwa PDP a Agusta. Duk wanda ya buga fostar Malam da kwandon kayan marmari, tambarin NNPP na lokacin, a watan Yuni, wata biyu kawai ta yi masa amfani.

Aikin da ya fi araha, wanda kuma aka fi nema, shi ne manna sitika a kan tsohon tambari. A kan fileks, wato babbar fostar roba ta ofishin kamfe, yana iya yin amfani na ɗan lokaci, amma da sharuɗɗa. Dole a goge wurin tas, domin ƙurar hunturu ba ta barin gam ya kama. Dole sitikar ta zama mai kauri, mai toka-toka a baya. Farar sitika siririya da wasu shaguna ke bayarwa, da rana ta haska fileks ɗin ta baya sai ka ga lemar PDP tana leƙowa ta ƙarƙashin tsintsiyar APC, kuma wannan hoton shi 'yan adawa ke jira su ɗauka su watsa a Facebook. A bar tazarar inci ɗaya aƙalla a kowane gefe ta wuce tsohon tambarin. Ko an yi duk wannan, zafin Maris da Afrilu yana narkar da gam, gefuna su fara naɗewa. Ga kuma babbar matsala da masu shago ba sa son faɗa: tambari ba shi kaɗai ne alamar jam'iyya ba. Launin bayan hoton, ratsin da ke ƙasa, taken da aka rubuta, duk na tsohon gida ne. Fosta mai ja da fari daga sama har ƙasa ba ta zama ta APC don an liƙa mata tsintsiya a kusurwa. A kan fostar takarda kuwa kada ma a fara, kuɗin buga sitikar da ladan masu mannawa ya kusa kai na sabon bugu.

Sabon bugu a babban inji shi ne aikin gaske, kuma a nan ake gane shago. Fosta mai launi tana bi ta faranti huɗu, wato fallen ƙarfe da ake ɗora wa inji, kowane launi da nasa: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Tambarin jam'iyya yana ɗaukar launi daga kusan dukkansu, saboda haka sauya shi yana nufin sababbin faranti huɗu. Idan mai shago ya ce maka zai canja faranti ɗaya kawai ya rage maka kuɗi, wannan yana yiwuwa ne kawai idan abin da za a gyara baƙin rubutu ne zalla, kamar sunan mazaɓa ko muƙami. Shago nagari yana ajiye asalin zanen a manhajar zane ta CorelDraw, hoto daban, rubutu daban, tambari daban, gyara ba ya wuce rabin awa. Wanda bai ajiye ba zai ce ka turo masa tsohuwar fostar ta WhatsApp, ya zana a kanta. WhatsApp yana matse hoto, idan aka buɗe shi ya kai girman babbar fosta ta A2 sai fuska ta fashe, hula ta zama dunƙule. A tura asalin hoton a matsayin fayil, ba ta hanyar tura hoto ta yau da kullum ba.

Yawan da za a buga shi ke nuna injin da ya dace. Ɗari ɗaya ko biyu na tarbar baƙi, injin dijital ya fi, ba ya buƙatar faranti. Daga dubu zuwa sama babban inji ne ke da sauƙi, domin kuɗin faranti sau ɗaya ake biya. Rim ɗaya takarda 500 ne, a ƙirga kafin a bar shago, saboda a aikin dare farkon bugu da yawa yana lalacewa kafin launi ya daidaita, wasu kuma sukan cusa su a tsakiyar ɗauri. A nemi a ga takarda ɗaya da ta fito daga inji, a duba ta a hasken rana kafin a ce a ci gaba. Launin da ke allon kwamfuta ba shi ke fitowa a takarda ba, kuma a Kano ja ba abin wasa ba ne: jan da ya yi ruwan lemo ko ya yi duhu, magoya baya za su ce da gangan aka yi.

Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne lokaci. Sauya sheƙa tana fara yawo a matsayin raɗe-raɗi makonni kafin ta tabbata, wata ma ba ta tabbata. Shagon da muka fi yaba wa irinsa shi ne mai tambayar ko maigidan ya miƙa takardar ficewa ga shugaban jam'iyya na mazaɓarsa, ya kuma karɓi katin sabuwar jam'iyya. Ga ɗan majalisa abin ya fi tsanani, domin sashe na 68 da na 109 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi zai rasa kujerarsa, sai dai idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Fostar da ta riga shi sanarwa tana iya zama hujja a hannun masu ƙara. Takara ma haka take: bayan Shekarau ya bar NNPP, sunansa ya ci gaba da zama a jerin INEC na 'yan takarar sanatan Kano ta Tsakiya har aka yi zaɓen 2023, sai Kotun Ƙoli ce ta tabbatar da Rufa'i Hanga a matsayin ɗan takarar NNPP. Ita NNPP a 2024 tsagin Kwankwaso ya sauya tambari daga kwandon kayan marmari zuwa littafi da hular kammala karatu, ɗaya tsagin ya ƙi, magana ta kai kotu. Mai shagon da bai tambaye ka wanne kake so ba, ya kuma sa ka rubuta masa da hannunka, zai ɗauko duk wanda ya fara gani a intanet.

Riga da hula ba su da gyara. Abin da aka buga da tawada ko aka manna da zafi a kan riga ba ya fita sai ya bar tabo, wanda ya ce zai cire maka ɓata yadin zai yi. Atamfar da aka buga fuska da tambari a jikinta ita ce asara mafi girma, domin da yawa ake yin odarta kuma tana ɗaukar makonni. Masu dabara yanzu fuska da suna kawai suke sa wa atamfa, su bar tambari ga fosta.

Game da kuɗi, shagunan da ke neman kafin alƙalami mai kauri, rabi ko fiye, ba mu ga laifinsu ba. Takarda da tawada da man janareta nan take ake biyansu, kuma idan tafiyar ta fasa babu mai dawowa ya karɓi fostar, ba ta sayuwa sai ga masu awo a kilo. Abin da ya kamata mai oda ya nema a madadin haka shi ne rasiti mai nuna girman takarda, kaurinta, yawan kwafi da ranar karɓa, sannan a tura masa asalin fayil ɗin zanen a wayarsa ranar da ya cika kuɗin.