Agwagi Masu Magana ko Jarumai Masu Tashi Sama: Wanne Za a Fara Ba Yaro?

Hajiya, tambayarki ita ce: kina son saya wa yaranki biyu, mai shekara bakwai da mai shekara goma sha ɗaya, irin tsofaffin littattafan katun na Amurka da ake sake bugawa, kuma kin rasa wanda ya fi tsakanin na dabbobi masu magana da na jarumai irin su Superman. Amsata a taƙaice: ki fara da na dabbobin, musamman labaran Donald Duck da kawunsa Scrooge waɗanda Carl Barks ya zana. Na jaruman su biyo baya, su ma a hannun babban. Ga dalilaina.

Duka biyun tare suka taso, a teburin mai jarida ɗaya ake sayar da su, kowane kwafi santi goma. Superman ya fara fitowa a mujallar Action Comics a 1938, Batman ya biyo shi a 1939, sannan kamfanin Dell ya fara buga Walt Disney's Comics and Stories a 1940. Yau idan aka ce katun na Amurka jarumai ake tunawa, saboda finafinai, amma a wancan zamanin ba su kaɗai suka riƙe kasuwa ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare sai kasuwar jarumai ta faɗi, akasarinsu suka ɓace, aka bar irin su Superman da Batman da Wonder Woman. A daidai lokacin, wajajen 1953, mujallar Disney ɗin nan tana sayar da kwafi kusan miliyan uku a wata.

Babban bambancin yana wajen yadda ake warware matsala a cikin labari. A labarin jarumi na wancan zamani, mugu ya yi ɓarna, jarumi ya zo, a yi dambe, a ƙare. Mai karatu ya san ƙarshen tun shafin farko, abin da yake jira kawai shi ne ya ga yadda za a yi naushin. Donald kuwa ba shi da ƙarfin komai. Talaka ne mai saurin fushi, yau yana wannan aiki gobe an kore shi, ga yara uku, 'ya'yan 'yar'uwarsa, da yake riƙo, kuma sau da yawa yaran sun fi shi hankali. Yana cika baki, yana jin kunya, yana faɗuwa, wani lokaci ma labarin ya ƙare bai ci nasara ba. Yaron da ya taso yana jin tatsuniyar Gizo ba sai an yi masa bayanin irin wannan hali ba: ya san mai wayon da wayonsa ke kai shi rami, kuma ya san dariyar da ake yi masa ba ta ƙiyayya ba ce.

Barks ya cancanci a tsaya a kansa. Kafin ya zauna kan zane ya yi ayyukan ƙarfi iri-iri, har kiwon kaji ya taɓa, kuma wahalar neman abinci tana nan a cikin labaransa. Shi ya ƙirƙiro Scrooge a 1947, attajiri marowaci mai yin iyo a cikin rumbun kuɗinsa. Shekara da shekaru ba a sa sunansa a littafi, sunan Disney kaɗai ake gani, amma yara suka gane hannunsa da kansu, suka riƙa bambanta shi da sauran masu zanen. Akwai labarinsa na 1949 inda Donald, yana aikin share ƙura a gidan tarihi, ya yar da wani dutse mai kusurwa huɗu, dutsen ya fashe, ashe ƙwai ne. Daga nan aka ɗunguma zuwa duwatsun Andes na ƙasar Peru neman kajin da ke yin irin wannan ƙwai. Ki duba yadda abin yake: tambaya ce ke jan labarin, yaro yana juya shafi ne don ya san amsa. Kuma Barks yakan duba hotunan mujallar National Geographic kafin ya zana jirgin ruwa ko tsauni, don haka abin da ke bayan agwagin ma abin kallo ne.

Ba ina cewa na jaruman fanko ba ne. Superman na farko, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka ƙirƙira suka sayar da haƙƙinsa dala 130 kacal, mai tsaya wa marar gata ne. A fitowarsa ta farko ya ceci wata mata da za a kashe bisa laifin da ba ta yi ba, ya kuma hukunta wani mai dukan matarsa. Wannan abu ne da nake so yaro ya gani. Captain Marvel na kamfanin Fawcett, wanda ya fito a 1940, shi ya fi kusa da zuciyar yara a cikinsu, domin yaro ne maraya, Billy Batson, da ke furta kalma ɗaya ya rikiɗe ya zama ƙato. Zanensa a sake yake, da raha, har damisa mai magana da sa kwat akwai a ciki, kuma a wasu shekarun ya fi Superman kasuwa kafin shari'ar da kamfanin DC, mai buga Superman, ya shigar ta sa aka daina buga shi a 1953. Sai dai ki san wannan tun da wuri: kalmar da yake furtawa, Shazam, haruffan farko ne na sunaye shida, na farkon Sulaimanu, sauran biyar daga tatsuniyoyin alloli da jaruman Girkawa da Rumawa. A gidajenmu wannan ba abin da za a wuce shiru ba ne. Ko ki bar shi, ko ki zauna da babban ki yi masa bayani kafin ya karanta. Ɓangaren agwagi ma akwai wata mayya, Magica De Spell, da ta shigo a 1961, tana farautar sulen farko da Scrooge ya samu.

Ga mai shekara goma sha ɗaya, na fi son Spider-Man na farkon shekarun 1960, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka fara a 1962. Ɗan makaranta ne da ke zaune da matar kawunsa, kuɗin haya na damunsa, ana yi masa ba'a a aji, kuma sakacinsa ne ya jawo mutuwar kawun nasa. Akwai nauyi a nan wanda ɗan shekara bakwai bai kai ya ɗauka ba. Rubutun ma ya yi yawa a kowane shafi, zai gajiyar da wanda yanzu yake haɗa baƙi.

Ta fuskar tashin hankali da tsabtar harshe, na dabbobin sun fi kwanciyar rai. A 1954, bayan wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya zargi katun da lalata tarbiyya har Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kai, masu bugawa suka kafa hukumar tace kansu, Comics Code Authority. Dell ya ƙi shiga, ya ce nasa littattafan ba su buƙatar mai gadi, kuma iyaye suka ci gaba da saya.

Yanzu ga wurin da duka biyun suka kasa, kuma ya shafe mu kai tsaye. Yadda ake zana baƙar fata a waɗancan shekarun abin takaici ne: manyan leɓɓa, zare ido, maganar wawaye. Captain Marvel yana da wani bara baƙi mai suna Steamboat, wanda sai da ɗaliban makaranta suka kai ƙorafi aka cire shi a 1945. Littattafan lokacin yaƙi sun zana Japanawa kamar dodanni. Barks ɗin da nake yabo shi ma bai tsira ba, domin labarinsa na 1949 mai suna Voodoo Hoodoo yana ɗauke da zanen 'yan Afirka da ba zan miƙa wa yaro haka kawai ba. Saboda haka kowane kika saya, ki riga su buɗewa, musamman duk labarin da aka ce an tafi Afirka ko wani tsibiri. Ba ya ɗaukar lokaci, yawancin labaran Donald shafi goma ne. Ga mai neman jarumi baƙi daga wancan zamani, an yi Powerman a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, Turawan Ingila Dave Gibbons da Brian Bolland suka zana shi don masu karatu na nan, amma samunsa yanzu sai an tona.

Maganar saye kuma, kada ki nemi na asali. A takardar jarida mai arha aka buga su, ta yi ja ta yi rauni, hannun yaro zai yaga ta a kwana ɗaya, ga tsada ta fitar hankali: an sayar da kwafi ɗaya na Action Comics na farko dala miliyan 6 a 2024. Kamfanin Fantagraphics yana sake buga ayyukan Barks tun 2011 a littattafai masu kauri da bango mai ƙarfi, kamfanin Marvel, mai buga Spider-Man, da DC su ma suna da nasu tarin na tsofaffin labarai. Idan yaran suna koyon Larabci, ki tambaya a shagunan littattafan Larabci ko suna da mujallar Miki ta Masar, wadda ke fassara labaran agwagin nan shekaru da dama. Hoto yana taimaka wa yaro ya cinki ma'anar kalmar da bai sani ba.

Idan kuɗin na littafi ɗaya ne a yanzu, ki sayi na Donald ki ba babban ya riƙa karanta wa ƙaramin da ƙarfi, yana nuna masa akwatin zanen da za a bi daga hagu zuwa dama. Spider-Man ya jira hutun gaba.