Kwana huɗu a Amsterdam: dare ya biya, kamfanin yawo ya gaza

Mu shida muka yi karo-karo muka sayi tsarin hutu na kwana huɗu a Amsterdam, babban birnin Holan, daga wani kamfani a intanet. Kuɗin ya haɗa da masauki, katin hawa tiram (ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin titunan gari), yawon jirgin ruwa da dare, da wani abu da suka kira zagayen mashaya. Biyu suka zo daga Ingila, ɗaya daga Jamus, mu uku muka taso daga Kano, cikin watan Yuni. In maki ne, bakwai cikin goma zan bayar, kuma garin ne ya ci su.

Masaukin tsohon gida ne siriri a bakin ruwa, matakalarsa a tsaye kamar tsani, ga babu lif. Ba a faɗa mana ba, alhali babban yayanmu yana fama da gwiwa. A nan na gane amfanin ƙugiyar da ke saman gidajen garin: da ita ake janyo kujeru da gadaje da igiya a shigar ta taga. Harajin baƙi na kashi 12.5 cikin ɗari kuwa sai a gaban kanta muka ji labarinsa.

Yawon jirgin ruwan ne ya wanke mana zuciya. A Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen goma na dare, don haka da sauran haske muka tashi. Muka bi Herengracht da Prinsengracht, hanyoyin ruwan da aka haƙa a ƙarni na 17, lokacin da fataken Holan ke juya cinikin kayan yaji na duniya, hanyoyin da UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan tarihi a 2010. Abin da ya tsaya mini a rai tagogin gidajen ne. Da yawansu ba labule. Kana kan ruwa kana kallon wani dattijo yana yanka burodi, matarsa na karatu, kyanwa na kwance a gefe, ko a jikinsu. Mu da muka tashi da zaure da soro, sai kunya ta kama mu a madadinsu. Muna shiga kogin Amstel aka kunna fitilun gadar Magere Brug, jirgin ya yi tsit.

Zagayen mashaya kuwa asara muka yi. Ba ma sha, mun kuma faɗa tun kafin mu biya, amma aka ce ba a cire shi daga tsarin. Sai muka je dandalin Leidseplein don ganin ido. Kiɗa ta ko'ina, galibin masu hayaniyar ma baƙi ne irinmu. Da aka nuna wa yayanmu Paradiso, tsohuwar coci da aka mayar gidan kiɗa a 1968, kai kawai ya girgiza. Autanmu ya hango kanti an rubuta coffeeshop, ya ce bari ya samo mana shayi. Ko minti ɗaya bai yi ba ya fito yana tari.

"Yaya, wallahi majalisar 'yan wiwi ce!"

Taswirar waya ce ta jefa mu De Wallen, unguwar karuwai, muna neman yanke zuwa tashar jirgin ƙasa. Jajayen fitilu, mata a bayan gilashi, ga Oude Kerk, coci mafi tsufa a garin, a tsakiyar abin. An hana ɗaukar matan hoto, kuma tun 2023 wanda ya sha wiwi a titunan unguwar tarar yuro 100 ce a kansa. Muka sunkuyar da kai muka ƙara sauri.

Abin da ya fi daɗi kyauta ne. Bayan babbar tashar jirgin ƙasa ta Centraal akwai jirgin fito da ke tsallaka ruwan IJ zuwa arewacin gari ba ko sisi. A ƙetare akwai hasumiyar A'DAM mai lilo a samanta, kusan mita 100 daga ƙasa. Biyu suka hau, ni na riƙe musu wayoyi. Abinci kuma a Javastraat muka samu kanmu, wurin Turkawa da 'yan Maroko, naman halal har ka ture.

A kiyaye jar hanyar da ke gefen titi, ta masu keke ce, kuma ba sa taka burki don baƙo. Sau biyu ana janyo ni da riga. Tiram ma yakan tsaya jim kaɗan bayan sha biyu, sai bas ɗin dare. Daren ƙarshe bas ɗin ya wuce mu, muka tako da ƙafa ta bakin ruwa, muka tallafi yayanmu har hawa na uku. Muna buɗe ƙofa waya ta kira sallar asuba.