A32NX na FlyByWire: ra'ayina kan jirgin, da maganar otofailot da afdet

Assalamu alaikum jama'a. Masu tambayata wane jirgin fasinja za su sa cikin Microsoft Flight Simulator, gem ɗin kwaikwayon tuƙin jirgin sama, tunda ba kowa ke da katin da zai biya dala ba, amsata har gobe ita ce A32NX na FlyByWire. Kyauta ne, ko kwabo ba ka biya, masu sa kai ne sunka haɗu suna gina shi tun shekarar 2020 da gem ɗin ya fito, sun ɗauki Airbus A320neo mai injin LEAP sun yi mashi aiki tun daga kwamfutar tsara hanya har ƙarar injin. Fenix A320 da PMDG 737 suna da kyau ba musu, amma na kuɗi ne, mu kuwa nan Birnin Kebbi kafin ka kai ga sayen jirgi ka riga ka sha kashi wajen data, don gem ɗin na 2020 shi kaɗai fili gigabait 150 anka ce ka tanadar mashi.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda mutane ke sauke wanga jirgi, su tashi sau ɗaya, otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya ƙi yin abin da suke so, sai su goge shi su ce ai ba ya aiki. Wallahi yana aiki. Masu shi sun cire otofailot ɗin da gem ya zo da shi sun rubuta nasu da ke kwaikwayon na Airbus na gaskiya, don haka ba ya yafe abin da jirgin gem na asali ke yafewa.

Ƙanena da ke karatu a Aliero shi ne misali mafi kusa da nike da shi. Ya zo hutu da laftof ɗinshi da wani joyistik na hannu da ya saya a kasuwa, yana ta ƙorafi wai duk sanda ya danna AP1, maɓallin kunna otofailot, sai ya kama na ɗan daƙiƙu sannan ƙararrawa ta tashi ya saki, jirgi ya fara karkata hagu. Munka shiga saitin kwantirol wajen da ake ganin motsin sanda, munka ajiye joyistik ɗin a kan tebur ba mai taɓa shi, sai ga ɗan ɗigon nan na tsakiya yana rawa shi kaɗai, ya ɗan leƙa hagu ya dawo ya ƙara leƙawa. Ƙura ce ta hunturu ta shige ciki ga kuma tsufa. To shi Airbus haka anka gina shi, in matuƙi ya tura sanda alhali otofailot na kunne sai ya ɗauka mutum na son karɓar tuƙi ya sakar mashi, shi kuma jirgin bai san ƙura ce ke turawa ba. Munka ƙara dedzon, wato ɗan filin tsakiya da gem zai yi kamar bai ga motsi ba, munka yi ta ƙarawa kaɗan kaɗan har ɗigon ya tsaya cik, a kowane layi har da na murɗawa mai juya wutsiya. Daga nan bai ƙara saki ba. In kana da wani pad na gem da ka bari a maƙale da kwamfuta cire shi, shi ma yana aika motsi ba ka sani ba, haka kuma a duba kar maɓalli guda ya zama an ɗaura mashi aiki biyu, don a kibod harafin Z ne ke kunna otofailot ya kashe a gem na 2020 kuma hannu na iya faɗa mashi.

Sai maganar giyar mai, wato hannun mai, wadda ita ma ta kori mutane da yawa. Hannun mai na Airbus yana da matsayai, IDLE na mafi ƙarancin mai, CL na hawa, FLX/MCT, sai TOGA na cikakken ƙarfi. Ka tashi da FLX ko TOGA, da ka kai ƙafa 1,500 sama da ƙasa za ka ga LVR CLB na ƙiftawa a saman sikirin, ma'ana dawo da hannun mai kan CL ka bar shi nan, daga nan jirgin ne zai riƙa ƙara mai yana ragewa da kanshi har sai ka zo sauka ya ce ka ja baya. In ba ka daidaita joyistik ɗinka da waɗannan matsayai ba, kai kana ganin kana kan CL shi jirgi yana ganin kana tsakanin biyu, sai gudu ya yi ta hawa ko ya yi ta faɗuwa. A nan ne nike yaba masu sosai, akwai wata tablet gefen matuƙi da suke kira flyPad, cikinta akwai shafin daidaita hannun mai, ka kai hannun inda kake so ka danna ya riƙe, ka yi wa kowane matsayi haka ka adana. Aikin minti biyar ne amma ba a tsallake shi.

Yanzu ga inda nike son in daɗe, don shi ne zuciyar abin. Otofailot kamar ɗan ƙwadago ne a fadama, kunyar da ka nuna mashi ita zai bi ko da ba ita kake nufi ba, kuma kullum yana faɗa maka abin da yake yi, mutane ne ba su karantawa. Layin rubutun nan na saman sikirin da ke gaban matuƙi, wanda ake kira FMA, shi ne bakinshi. Kore na nufin abin da yake yi yanzu, shuɗi na nufin abin da yake jira ya kama. Duk maɓallin da ka taɓa, idonka ya koma can ka ga mi ya canza, in ba abin da ya canza to bai ji ka ba. Maɓallan gudu da alkibla da tsawo da ke allon sama kuwa kowanne ana tura shi ana kuma jawo shi, in ka tura ka ba jirgi ke nan ya bi abin da ke cikin kwamfutarshi, a na gudu da na alkibla za ka ga ɗigo da 'yan layuka a madadin lamba, in ka jawo ka karɓa ke nan zai bi lambar da ka murɗa. Wanda ya jawo na alkibla bisa kuskure zai ga HDG, wato bin alkiblar da ya murɗa, maimakon NAV, wato bin hanyar da anka tsara, jirgi ya miƙe ɗoɗar ya bar hanya, shi kuma yana zaune yana zagin otofailot. Da maus abin na da ɗan wuya a farko, ni na fi jin daɗin saitin Legacy na taɓa maɓalli, inda kibiya mai kallon sama ke turawa mai kallon ƙasa ke jawowa.

Hanyar da na fi bi ita ce Sakkwato zuwa Abuja, DNSO zuwa DNAA a lambobin filayen jirginsu, tafiyar kusan awa guda, ta isa mutum ya ga komi ba tare da wuta ta yi mashi tsiya a tsakiya ba. Tun a ƙasa sai ka tabbatar ka sa V1 da VR da V2, wato lambobin gudun tashi, a shafin PERF na kwamfutar tsara hanya, don in babu V2 tsarin hawa na farko mai suna SRS ba zai fito ba, ka cika nauyi a shafin INIT na biyu, man jirgi da fasinja kuma ta flyPad ake loda su ba ta menun gem ba. Ka bi shafin F-PLN, inda jerin wuraren hanyarka suke, layi layi, in ka ga an rubuta DISCONTINUITY to hanya ta yanke a nan, jirgi na isa wajen zai daina bin NAV, sai ka duba in ya dace ka goge da maɓallin CLR. Sannan abin da sababbi ba su sani ba, Airbus ba ya fara gangarowa da kanshi. Ko ya kai alamar fara sauka a taswira, in ba ka murɗa tsawo ƙasa ka tura maɓallin ba haka zai wuce Abuja yana sama abinshi. Lissafin mai sauƙi ne, mil uku ga kowace ƙafa 1,000, in kana ƙafa 33,000 ka fara shiri tun saura mil 100 da ɗoriya. Da ka matso titin sauka na 22 a Abuja ka danna LS ka ga alamun da ke saita ka da titi, ka danna APPR, maɓallin shirin sauka, ka ga LOC mai bin tsakiyar titi da G/S mai bin layin gangara sun fito shuɗi, kuma ka shigo ta ƙasan layin gangara, wanda ke sauka kusan ƙafa 300 a kowane mil. Wanda ya zo ta samanshi zai ga LOC ya zama kore G/S na nan shuɗi har ya wuce fili. Ranar da ka haɗa duka daidai ka danna AP1 da AP2, otofailot na ɗaya da na biyu, ka ga ya dire da kanshi yana ƙirga maka hamsin, arba'in, talatin, wallahi za ka manta kyauta ka same shi.

Kar a manta da saitin taimako na gem, duk wani mataimakin matuƙi da mai juya wutsiya da kanshi a kashe su, tsarin tashi kuma ya zama Modern.

To sai afdet, wanda a wajenmu ya fi na kowa zafi. Gem na 2020 in anka saki afdet ɗinshi dole ne, ba ka shiga sai ka sauke, kuma duk sanda gem ya canza to abubuwan da ka zuba cikin foldar Community, inda ake ajiye kayan ƙari, suna iya daina jituwa da shi, wannan haka yake ga kowane jirgi na ƙari ba wanga kaɗai ba. FlyByWire suna da instola tasu, ita ke nuna maka in sabo ya fito, kuma akwai zaɓi biyu, Stable da ba a cika taɓawa ba, da Development da ake sabuntawa kusan kullum. Mai wifi na ofis ya zauna kan Development ya more sababbin abubuwa, mai sayen data da kuɗin aljihu ina ba shi shawarar Stable, sai in gem ya yi babban afdet ka ga jirgi ya rikice sannan ka leƙa ɗayan, don gyara na fara isa can. A rufe gem kafin a danna afdet, a kuma tabbatar akwai caji ko janareta na tashe, fayil ɗin da wuta ta katse a tsakiya shi ke kawo baƙin sikirin a cikin jirgi, in haka ta faru a cire shi gaba ɗaya ta instola a sake sawa ya fi a tsaya faci. Bayan afdet buɗewar farko tana daɗewa ƙwarai kamar ya maƙale, yana harhaɗa fayilolin jirgin ne, a bar shi kar a kashe.

In bayan duk wannan otofailot na ta hauka, ga abin da nike yi wa duk wanda ya kawo min kwamfutarshi. Na kwashe komi daga Community na bar A32NX shi kaɗai na tashi, in ya yi daidai to mai laifi na cikin waɗanda anka kwashe, sai a mayar da rabi a gwada, a ƙara raba rabin, da haka har a kama shi. Sau da yawa tsohon fenti ne, mutum ya ga fentin kamfanin jirgi na gida ya yi sha'awa ya sauke bai duba ba ashe na A320neo ɗin gem na asali ne, shi kuwa wanga jirgi daban yake zaune a jerin jirage da sunan FlyByWire kuma fentinshi daban ne. A kuma sake leƙa saitin taimako da dedzon bayan kowane babban afdet a tabbatar suna inda anka bar su.

Akwai wani afdet ɗin da ba a gani, na bayanan hanyoyin sama, wanda duniya ke canzawa duk kwana 28. Wani shafin intanet mai suna SimBrief na tsara maka hanya kyauta kuma jirgin na jawo ta kai tsaye cikin kwamfutarshi, abin gwanin daɗi, amma mai asusun kyauta tsohon bayani ake ba shi, sai an biya kamfanin Navigraph ake samun sabo. In na SimBrief da na gem sunka saɓa sai ka ga NOT IN DATABASE ko hanya ta yi wani lanƙwasa marar dalili. Ba sai ka biya ba, ka goge wurin da ya ƙi ka haɗa da na gaba, gajerun hanyoyinmu na cikin gida ba su da wuraren da yawa.

Inda jirgin ke da nauyi shi ne kan kwamfuta. Yana cin ƙarfi fiye da jiragen da gem ya zo da su, kuma otofailot ɗinshi na son hoto ya riƙa gudu sumul, na lura in firam, wato yawan hotuna a daƙiƙa guda, ya faɗi ƙasa da ashirin sai ya fara lilo sama da ƙasa, balle in ka ƙara saurin lokaci don ka isa da wuri. Ga zafin Kebbi a watan Afrilu, laftof na ɗaukar zafi sai ya rage gudu da kanshi, ka ɗaga shi daga kan katifa ka sa mashi fanka ka rage ingancin gajimare da yawan motocin ƙasa. Masu Xbox kuma ba su samun shi, na kwamfuta ne kawai, bayanan koyonshi duka da Turanci suke kuma suna da yawa, wanda bai da haƙurin karatu zai ɗan sha wuya a makon farko.

Duk da haka in da maki ake ba shi tara cikin goma zan ba shi. Wanda ke nan cikin gari ya maƙale wajen daidaita hannun mai ko APPR ya ƙi kama mashi, ya zo da laftof ɗin da joyistik ɗin tare bayan la'asar mu duba, don rabin matsalar sai an ga joyistik ɗin a hannu ake gane ta.