Masu tur da walda na Maradi: kada ku biya kuɗin filan sai an yanka injin a gabanku

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'ar ƙarfe. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, don babu mai son ya fito fili ya ce an yi masa wayo, balle ni da na haura shekara 20 a gaban tur, injin fere ƙarfe. Amma shekaranjiya wani abokin sana'a daga Tibiri ya shigo shagona da takardu a hannu yana tambayata ko na gane abin da aka zana. Ina ɗora ido na gane mai aikin. Mutum ɗaya ne ya cuce mu, shi da filan injin niƙa, wato zanen da ake bi a ƙera shi, ni da na injin tatsar man gyaɗa. To shirun ya isa haka.

Bayan an kawar da amfanin gona, wata ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli ta ba ni aikin injin tatsar mai, irin mai murɗaɗɗiyar sanda a ciki, wadda ke tura gyaɗa gaba tana matse ta, mai ya tsiyaye ta ƙasa, tunkuza ta fita ta baki. Na sha gyara irinsa, amma ban taɓa ƙera shi daga tushe ba. Sai na yi cigiyar mai filan a wani zauren WhatsApp na masu sana'a. Ko la'asar ba a yi ba wani ya kira ni, ya ce shi injiniya ne, a ƙasar waje ya yi karatu. Washegari ya iso da kwamfuta a jaka, tsaf da shi, ga daɗin baki. Ya buɗe, sai ga injin a kan allo, kore da ja, yana juya shi da ɗan yatsa sama da ƙasa. Yarana suka ajiye aiki suka kewaye shi. Ya ce: "Alhaji, wannan ni na zana shi, wata uku ina kansa. Zan fitar maka da filan cikakke, har da kup." Ya ce jika 90, muka daidaita a jika 75. Na ba shi 40 a hannu, sauran na tura bayan ya aiko mini PDF mai shafi 5. Da na nemi ainihin fayil ɗin da yake juyawa, sai ya yi dariya ya ce wannan sirrin sana'a ne.

Wanda bai saba da takarda ba zai ce mene ne kup har ake ciniki a kansa. Kankana ce misali. Kome kyanta daga waje, ba ka sanin cikinta sai ka sa wuƙa. Haka injin yake. Hoton waje yana nuna maka fenti da ƙafafu ne kawai. Abin da ke sa mai ya fito yana ciki: tazarar da ke tsakanin sanda da bututun da take juyawa a cikinsa, yadda jikin sandar ke ƙara kauri yayin da take dosar baki don matsi ya ƙaru, da kafaɗar da boris, zoben nan mai ƙwallaye da ke riƙe sanda tana juyawa, zai jingina da ita. Mai zane yakan ja layi a kan hoton gaba inda wuƙa za ta bi, ya sa kibiya biyu masu nuna ɓangaren da ake kallo, ya sa musu harafi, A da A. Sai a gefe a fitar da abin da ido zai gani bayan an cire rabin, a rubuta A-A a kansa. Duk inda wuƙa ta ci ƙarfe ana ja masa siraran layuka a karkace, galibi digiri 45, su ne hashur. Inda babu ƙarfe a bar shi fari. Iyakar kup ke nan, kuma a kansa mai tur yake karanta awon da zai fere.

Na karɓi takardun, na ga layuka da lambobi sun cika shafi, zuciyata ta kwanta. A nan zan faɗi laifina. Ƙa'idar da nake yi wa yarana faɗa a kanta kullum ita na taka: ba a fere mazaunin boris sai boris yana hannu. Hajiya shugabar ƙungiya tana kira safe da yamma, ni kuma ina son in fita kunya. Filan ya ce ramin boris milimita 63.5, na fere 63.5. Ya ce sanda 31.75, na bi. A jerin kayan saye an rubuta boris 6206. Da yaro ya sayo daga kasuwa, na saka shi a ramin sai ya faɗa yana kwaram-kwaram kamar tsakuwa a gwangwani. Boris 6206 wajensa 62 ne, cikinsa 30, kaurinsa 16. Sanda dai ana iya rage ta ta dawo 30. Ramin da aka riga aka buɗe kuwa ba ya komawa. Na so in ƙara buɗe shi in sa masa zobe, na duba naman da ya rage a jiki na ga ba zai ɗauka ba. Ƙarfen jika 40 da aikin kwana 6 suka tafi.

Da dare na kira ɗan ƙanwata, wanda ya yi lise teknik ta Dan Kasawa, yanzu yana zane a kwamfuta. Ya shimfiɗa takardun a kan tabarma, ya haska fitilar waya, bai yi minti 5 ba ya ɗago ya ce: "Kawu, wannan ba kup ba ne, ado ne." Ya ɗauki 63.5 ya raba da 25.4, yawan milimitar da ke cikin inci ɗaya, ta ba shi inci 2.5 cif. Ya raba 31.75, ta ba shi inci ɗaya da kwata. Wato injin na masu aiki da inci ne, aka juya lambobin zuwa milimita, sannan aka liƙa masa sunan boris na milimita don ya yi kama da namu.

Sai ya shiga nuna mini sauran, ni kuwa kunya ta rufe ni, don abubuwa ne da na sani, gaggawa ta rufe mini ido. Ƙarfe biyu da ke manne da juna ba a yi musu hashur iri ɗaya; ɗaya ya karkata dama ɗaya hagu, ko a bambanta tazarar layukan, don ka san inda wannan ya ƙare wancan ya fara. A nawa filan, bututu da murfi da mazaunin boris duk layi ɗaya ya ratsa su, sai ka ce dunƙulen ƙarfe guda aka zuba. Sanda da noti da kalabet (ɗan ƙarfen da ke kulle fuli ko giya a jikin sanda) da ƙwallayen boris, in wuƙa ta bi su a tsaye, ba a yi musu hashur, ana barin su yadda suke. Mai filan ya zizara musu duka. Yaron ya ce wannan kaɗai ba ya nuna damfara, don manhaja takan yanka kome da kome in ba ka ce mata ta tsallake su ba. Rashin sani ne kawai. Abin da ya tona asiri shi ne hoton gaba yana da noti 6 a murfi, kup ɗin kuma na murfi mai 4 ne. Inji biyu ne daban aka haɗa a takarda ɗaya. Da ya buɗe PDF ɗin a waya ya ja shi da yatsu, layukan suka dushe suka farfashe. Zanen da ya fito daga manhaja ko sau nawa ka girmama shi layinsa tsaf yake tsayawa, ba ya farfashewa. Wannan hoto ne aka ɗauko aka goge kusurwar da sunan mai shi yake.

A kusurwar nan da ya goge ne ake sa wata ƴar alama, mazurari mai yankakken kai da zobe biyu a gefensa, mai gaya maka tsarin da aka bi wajen jera hotunan. Mu nan tsarin Turai muka gada daga Faransa: abin da ka hango daga hagu, a dama ake ajiye shi. Amurkawa akasin haka suke yi. Filan ɗin da tsarinsu aka jera shi, ni na karanta da namu, shi ya sa ramin da na huda a murfi ya fito a ɓangaren da ba nasa ba. Ga kuma babba: sandar da ke tura gyaɗa gaba, gyaɗar ma tana tura ta baya da ƙarfi, dole a sa boris mai tare wannan turin. A filan ɗin babu shi ko kaɗan. Da ma ramin ya yi daidai na haɗa injin na kai wa matan, da bai yi mako ba zai watse, sunana ne kuma zai ɓaci, ba nasa ba.

Ga abin da nake so ku riƙe, don shi na zauna rubutun nan. In da gaske mutum shi ya gina injin a manhajar zane irin SolidWorks ko FreeCAD ko makamancinsu, kup ba aikin kwana ba ne. Layi zai ja a kan hoton, manhaja ta fitar da yankan kafin ka shanye kofin shayi, domin zanen a ɗaure yake da ainihin injin da ke cikin kwamfuta. Saboda haka ku sa yatsa a allo, a wurin da ku kuka zaɓa, ku ce ya yanka nan. In ya yi, ku ce ya gusar da layin gefe kaɗan, ku ga ko yankan zai canja. Ku ce ya auna ramin boris a gabanku, ku kuma kuna riƙe da boris ɗin da piye-a-kulis, ma'aunin kauri da faɗin rami. Na Tibiri ya ce shi ya ɗan matsa masa da tambaya, sai mutumin ya ce batir ya kusa ƙarewa, ya rufe kwamfuta. Ɗan ƙanwata ya bayyana mini dalili: irin injunan nan cike suke a intanet kyauta, kowa na iya saukewa ya riƙa juya su. Da yawansu irin fayil ɗin da ake kira STL ne, wato fata ce kawai da aka ɗinka da ƙananan alwatika, ba ta san cewa rami 62 ne ba. Mai ainihin aiki zai iya ba ka fayil ɗin STEP, wanda galibin manhajojin zanen inji ke buɗewa a auna shi daidai, ko aƙalla DXF, fayil ɗin zanen da ke kan takardun.

Mutumin bai tsaya ga masu shago ba. Biyu daga cikin yarana, ba da sanina ba, sun ba shi jika 15 kowanne wai kuɗin rajistar horon mako biyu, ya kuma sayar wa ɗaya kile ta USB a jika 10 da sunan lasisin manhajar zane ta AutoCAD na har abada. Kamfanin Autodesk, mai AutoCAD, ya daina sayar da irin wannan lasisi tun 2016, haya ce ake sabuntawa. Ɗalibi kuwa yana iya samun na karatu kyauta in ya nuna shaidar makaranta, FreeCAD kuma ba a biyan ko dala, kuma tana fitar da kup. Kilen da aka saka a kwamfutar ɗan ƙanwata, ƙwayar cuta ta fara yi mana sallama. Horo kuwa har yau ba a faɗi ranar farawa ba.

Na kira mai filan sau uku. Na farko ya ce yaron da ya buga takardun ne ya yi kuskure, zai gyara. Na biyu ya ce yana Katsina, ya tafi ta'aziyya. Na uku waya a kashe. Sunan da ke kan rasit ɗin tura kuɗi ma ba shi ne wanda ya faɗa mini ba, shi ya sa ban rubuta suna a nan ba, kada in ɗora wa wani bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba. Ni da na Tibiri mun kai ƙara komisariya da takardunmu da rasit. Duk wanda ya san ya karɓi filan mai lambobi irin 12.7 da 19.05 da 50.8, ya dakatar da tur ya raba su da 25.4 tukuna. In suka fito inci cif ko rabi ko kwata, ya ɗauko takardunsa ya bi bayanmu, don an ce mana yawan masu ƙara yana ƙarfafa magana.

Matan ƙungiya na je na same su na faɗa musu gaskiya, sun ƙara mini wata ɗaya. Yanzu mun aro wani tsohon inji mun kwance shi, ni ina aunawa, ɗan ƙanwata yana ginawa a FreeCAD. Jiya da dare muka yanka bututun a allo, aka ga tazarar ta yi yawa a wajen baki, muka rage ta tun ban taɓa ƙarfe ba.